Gidan Yaya Zulai, Inda Get Ba Ya Jin Hannu

Tun da na dawo Yangoji ban huta ba. In na je ɗebo ruwa, tambaya. In na je markaɗe, tambaya. "Larai, yaya Gudu? Wai da gaske ne fitilar gidan yayarki da waya ake kunna ta?" Ƙawata Hadiza ma har ɗaki ta biyo ni, wai in ba ta labari dalla-dalla, don ita irin gidan take roƙon Allah ya ba ta. Ni kuwa bakina ba ya iya jera abin. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in sarara.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Yaya Zulai ita nake bi. Mijinta, Yaya Nuhu, ma'aikacin ofis ne a cikin garin Abuja, suna zaune a wani rukunin gidaje bayan kasuwar Gudu. Cikinta na fari ya tsufa, Mama kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ni ce na gama sakandare ina zaune ba aikin komai, sai aka ce in je in kama mata har ta sauka. Mama ta haɗa mini kaya kamar mai ƙaura: doya, gero, kanwa, daddawa, garin kuka, da wani jan zakara da ta ce a yanka wa maijego. Ta raka ni bakin titi tana ɗingishi tana ja mini kunne a kan 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. Kada in shiga motar da babu mace. Kada in zauna a tsakiya. Duk tsorona a kan hanya na tara shi, ban ajiye ko kaɗan don gidan da za ni ba.

Daga Yangoji zuwa Gwagwalada lafiya lau, in ban da zakaran da ya yi wa wani bawan Allah kashi a takalmi. Mutumin ya dube ni, ya dubi takalmin, ya ce da Turanci wai wannan ne ya sa ƙasar ba ta ci gaba. Na ba shi haƙuri, na kuma ba shi ganyen da aka naɗe daddawa ya goge. Bai gode ba. A Gwagwalada na canza mota, na tabbatar akwai mata har biyu a ciki. Wani mai tallar magani ya tsaya a kanmu tun daga tasha, kwalba ɗaya a hannunsa, wai tana maganin basir, hawan jini, ciwon haƙori da mantuwa. Daga baya, da na ji masu haɗa wayoyin gidan Yaya suna magana, shi na tuna.

A Lugbe muka shiga gosulo, rana ta dafa mu, zakara ya buɗe baki yana haki har na yi zaton zai riga ni cikawa. Da ƙyar muka isa. Na hau keke daga bakin kasuwar Gudu, ya sauke ni gaban wata ƙatuwar ƙofa mai sanda a gicciye. Nan ne iyaka. Ku kuna zaton mutum zai ce "wurin yayata na zo" a ce masa bismillah? Wani mai gadi da baƙin kaya ya tare ni da gurguwar Hausarsa.

"Ina kod ɗinka?"

Na ce, "Wane kod?"

"Lamba. Mai gida zai tura maka lamba a waya. Ba lamba, ba shiga."

Na ciro wayata, 'yar ƙarama mai tocila. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi dariya har da tafawa. "Wannan ai fitila ne, ba waya ba." Sannan ya hango zakara. Wai dokar rukunin ta hana dabba mai kuka. Na ce ba kiwo ya zo ba, miya ya zo. Sai da aka kira Yaya Nuhu a ofis ya turo lambar, ya kuma yi alkawarin zakara ba zai kwana da rai ba, sannan aka ɗaga mana sandar.

Gidan kuwa ba laifi, a gaskiya. Katanga doguwa, a samanta waya mai lantarki, get baƙi na ƙarfe mai tafiya a kan layi. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, shiru. Can sai na ji ƙara, get ya ja kansa gefe, ba mutum a bayansa. Na ja da baya ina a'uziyya. Ashe Yaya ce daga falo ta danna waya.

Ɗakin da aka ba ni ya fi ɗakin Mama girma. Na nemi makunnin fitila, na ga wani farin gilashi a bango, na taɓa, na danna, na shafa, ba abin da ya faru. Yaya ta ce in bar wahalar da kaina, an kulle su, daga wayarta ko ta mijinta kaɗai ake kunnawa. In ina son haske in yi magana. In ina son fanka in yi magana. Ku yi tunani, budurwa kamata, in fito in ce, "Yaya Nuhu, don Allah a kashe mini fitila zan kwanta." A gidanmu ko Baba bai san lokacin da nake kwanciya ba.

Abinci kuwa, burodi da shayi da safe, da rana ba a ma ɗora tukunya, mai babur ne ke kawo shinkafa a roba. Kwana kaɗan na ƙwace kicin ɗin. Ranar da na tuƙa tuwo da miyar kuka, Yaya ta ci har da hawaye.

Dalilin kulle makunnan ita ce Inna, mahaifiyar Yaya Nuhu. Daga ƙauyensu aka kawo ta maganin ido, ta zauna. Tsohuwa ce mai kirki, amma ba ta yarda da abu biyu ba: fitila a kunne da rana, da ƙofa a rufe bayan fitowar rana. Duk abin da ɗanta ya kunna daga ofis don burge abokai, ita tana bi tana kashewa. Da can akwai wani maɓalli a jikin bango kusa da get, wanda ake dannawa daga ciki ya buɗe. Inna ta gano shi. Mai fura, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, duk wanda ya yi sallama sai ta buɗe, ta sa masa kujera, ta tambayi mutanen garinsu. A wurinta gidan da ba a shigowa kabari ne. Har ranar da wani mai bola ya shigo shan ruwa ya fita da batirin janareta. Ran nan Yaya Nuhu ya sa aka cire maɓallin, aka like ƙaramar ƙofar jikin get da walda, aka kulle makunnan bango. Ban ce ba shi da dalili ba. Dalilin ne ya fi ƙarfin hankalinsa.

Wata Asabar ya tara baƙi biyu a baranda, ni ce mai kawo zoɓo, don haka na ji komai. Matsalar, wai fitilar kicin tana jinkiri, fankar ɗakin Inna kuma takan ɓace daga waya. Na farko Sani, shi ya haɗa makunnan gidan, masu aiki da waifai. Na biyu Bulus, abokin Yaya Nuhu, yana sayar da wani iri daban da suke kira zigbi. Kowa ya zo da jakarsa da bakinsa.

Sani ya ce, "Oga, kada a ruɗe ka. Nawa ba ya son wani ƙarin kaya. Kana da akwatin waifai a falo, shi ke nan, kowane makunni da shi yake magana. Ko kana Legas ka danna, fanka ta tashi a Gudu. Ga araha. In ɗaya ya lalace, ka shiga kasuwa ka ɗauki wani, kowane yaron wuta ya iya sawa."

Bulus ya kurɓi zoɓo ya ce, "Gaya masa sauran mana. Makunni nawa ka rataya wa akwatin nan guda? Ga talabijin, ga wayoyi, ga kyamara. Kamar mace ɗaya ce, yara cike da gida, kowa na kiran Mama lokaci ɗaya. Dole wani ya sha kuka. Kuma irin da ka sa masa, in ya danna, sai saƙon ya fita ƙasar waje ya gaida mutane ya dawo, sannan fitilar da ke bisa kansa ta kama. Ranar da sabis ya ɗauke fa?"

"Sabis ɗin Abuja ne zai ɗauke? Nan ƙauyenku ne?"

"Nawa," in ji Bulus, kamar bai ji shi ba, "yana da akwatinsa a cikin gida. Kowane makunni yana miƙa wa na kusa da shi saƙo, kamar leburori suna miƙa bulo. Ko babu sabis a duniya, in kana cikin gidan, zai ji ka."

Sani ya yi tsaki. "In akwatin naka ya mutu fa? Gida duka ya mutu. Wa zai gyara? Kai kaɗai, kai kuma ba ka ɗaukar waya ranar Lahadi. Kuma in na tsakiya ya samu matsala, na can kusurwa ya zama maraya. Ga tsada, sai ka ce zinariya aka zuba a ciki."

Suka taɓo wani wai bulutut, suka haɗu suka raina shi, wai muryarsa ba ta wuce ɗaki. Suka taɓo wanda ake ja da waya cikin bango irin na manyan otal, suka ce shi ne sarki, amma sai an farfasa gidan. Yaya Nuhu yana tsakiya, in wannan ya yi magana ya gyaɗa kai, in wancan ya yi ya gyaɗa kai, fuskarsa fal farin ciki, kamar budurwar da samari biyu ke faɗa a kanta.

Sai Yaya Zulai ta leƙo ta taga, hannunta a ƙugu, ta ce, "Baban gida, wai makullin nan na get, wanda ake sawa a jikin injin a tura da hannu, ina yake?"

Ya ce, "Yana mota."

"Me yake yi a mota?"

"In na bar shi a gida Inna za ta gano shi. Ki kwantar da hankalinki, ga waya a hannunki, ga ni. Ni ne makullinku."

Baƙin suka yi dariya, Yaya ta saki labule. Aka tashi ba a yanke komai ba, zoɓo dai ya ƙare tas.

To, ga ranar.

Da safe Yaya Nuhu ya ɗauki mota ya tafi Apo wurin makanikai, wai a duba ta sosai don kada ta ba shi kunya ranar haihuwa. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi kamar magariba. Da aka yi tsawar farko, Inna ta tashi ta yi abin da kowace uwa take yi a garinsu da garinmu: ta rufe madubi da zane, ta bi soket ɗaya bayan ɗaya tana zare duk abin da ke da wutsiya. Talabijin, firji, har da akwatin waifai mai 'yan fitilu. Na gan ta, ban hana ta ba, don Mama ma haka take yi da rediyon Baba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita, ko ni, ya ce ran get ɗin a cikin akwatin nan yake.

Ina kicin na ji Yaya ta kira sunana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na same ta durƙushe ta riƙe kujera, faya ta fashe. Ashe tun safe take jin ciwo ta yi shiru, wai kada a ce ta cika raki. Na ɗauko jakar asibiti. Ta kira maƙwabciyarmu, Maman Rifkatu, 'yar Jos mai shagon atamfa a kasuwar Gudu, ta ce mijinta na gida, yanzu zai fito da mota. Muka lallaɓa har baranda, ruwa ya sauko kamar da bokiti. Yaya ta danna waya.

Wani ɗan da'ira ya kama juyawa a fuskar wayar. Ya juya, ya juya. Get bai motsa ba.

Ta ce, "Akwatin! Larai, duba akwatin!" Na ruga na mayar da wutsiyarsa a soket, har da ta firji. Fitilun suka kama, ɗaya ta tsaya a ja. Muka jira. Ja. Na zare na mayar. Ja. Iskar ta riga ta yi wa sabis ɗin intanet na unguwar abin da Sani ya ce ba ya faruwa a Abuja.

Na kira Yaya Nuhu, muryarsa na zuwa tana yankewa. Motar na kan rami, an kwance mata ƙafafu. Ya ce bari ya buɗe daga can. Na ji shi yana danne-danne, yana cewa, "Ba ya kan layi, ba ya kan layi, wa ya taɓa mini akwati?" Ya ce ga shi nan da makulli a kan babur. Na kira Sani. Wallahi abin da ya ce mini ke nan: "Ku kashe ku kunna." Na ce mun yi. Ya ce, "To, ku ɗan jira sabis ya dawo." Na ce masa haihuwa ce. Ya ce, "Eyya. Allah ya raba lafiya."

Na fita cikin ruwa na kama get da hannu biyu na ja. Kamar in ja dutse. A waje mijin Maman Rifkatu yana dukan ƙarfe yana kiran masu gadi. Wani ya ce a hau katanga, wani ya daka masa tsawa, wayar sama da wuta, ga ruwa, kuma makashinta ma a cikin wayar Yaya yake. Gidan da aka gina don kada ɓarawo ya shigo, ya yi aikinsa tsaf. Ba mai shiga, ba mai fita.

Da na koma, Yaya ta daina magana, sai nishi. Inna ta shafa mata ciki ta ce, "Ba inda za ta. Abin ya zo. Shimfiɗa leda da zane." Muka ja ta ɗakina, don tagarsa ce ke kallon benen Maman Rifkatu. Ɗakin duhu, hadari ya rufe rana. Na mari farin gilashin nan na bango har tafina ya yi zafi. Akwai wuta a gidan, ina jin firji yana gurnani tun da na mayar da shi, amma fitilar da ke bisa kanmu tana jiran izini daga ƙasar waje. Na kunna tocilar wayata, wadda masu gadi suka yi wa dariya, na cije ta da haƙori.

Maman Rifkatu ta buɗe tagarta ta sama, ruwa na dukan fuskarta, tana ihu da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Larai! Kana ji na? Wanke hannu da sabulu! Kada ka ja komai, ka bari ya zo da kansa!" Inna ta zauna bayan Yaya ta rungume ta, idonta ba ya gani sosai, bakinta bai daina addu'a ba. Ta ce, "Ke ce idona, 'yar nan. Faɗa mini abin da kike gani." Ni da ko haihuwar akuya in an fara nake barin wurin.

Ba zan rubuta duk abin da na gani ba. Wanda ya sani ya sani. Yaya ta riƙe wuyan rigata har ta yage, ta ce, "Larai, in na mutu ki gaya wa Mama..." Inna ta ce, "Rufe mana baki, yi nishi!" Daga sama Maman Rifkatu na kiran Yesu, daga ƙasa Inna na kiran Allah da Annabi, ni a tsakiya waya a baki, ko kuka ba hali.

Sai ga ta a hannuna. Mace. Santsi, ɗumi, shiru.

Shiru fa. Jikinta wani launi kamar toka, hannuwanta a sake. Na tofar da wayar na ce, "Ba ta kuka! Inna, ba ta kuka!" Yaya ta yunƙura za ta tashi, Inna ta danne ta. Maman Rifkatu ta ce, "Share bakinsa da hanci! Ɗauki tawul, goge bayansa, da ƙarfi! Da ƙarfi, Larai, kada ka ji tausayi!" Na goga. Ba komai. Na goga ina cewa ki tashi, ki tashi, don Allah ki tashi. Ban san tsawon lokacin ba, kada ma a tambaye ni. A nan ne har yanzu nake tsayawa in na rufe ido. Can ta yi wani ɗan tari kamar kyanwa, ta ja iska, ta tsala ihu.

Na ɗora ta a ƙirjin uwarta na rufe su da zane kamar yadda aka ce. Sai a lokacin na ji ƙarar ƙarfe a waje. Mazan unguwa da masu gadi, har da wanda ya raina wayata, sun kawo jak ɗin mota da rodi, sun ɗaga get daga kan layinsa, suka tura shi ya faɗi cikin tsakar gida da wata ƙara da ta fi tsawa. Maman Rifkatu ta shigo a guje ba ɗankwali, da sabuwar reza da zare. Ta gama abin da ya rage, aka naɗe Yaya da jaririya aka sa a mota, don jini bai tsaya ba.

Motar na fita, sai ga Yaya Nuhu a kan babur, jiƙe sharkaf, ya ɗaga makulli sama kamar wanda ya ciyo kofi. Ya tsaya yana kallon get ɗinsa kwance a ƙasa. Na zauna a kan get ɗin na yi ta amai.

An ƙara wa Yaya ruwa a asibiti, jinin ya tsaya, jaririya lafiya. Alhamdu lillahi. Likita ta ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya canza. Yaya Nuhu ya yi kuka a bakin gadon, na gani da idona, na ce to, ya ji a jikinsa.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yarinya Amina, ina raba waina a rumfar maza, sai ga su nan su biyu, Sani da Bulus, an sa Yaya Nuhu a tsakiya.

Bulus yana cewa, "Ban faɗa ba? A nan wurin na faɗa. Da nawa ne, ko babu sabis, madam na dannawa zai buɗe."

Sani ya ce, "Tsohuwa ce ta zare akwati."

"An mayar, bai yi ba. Sabis ne."

"To, naka akwatin a iska yake rataye? Ba soket yake ci ba? Da ba za ta zare shi ba? Kuma wayar madam ta ina za ta yi magana da naka, ba ta waifai ɗin ba?"

"Sai a sa musu batir, a kai su inda hannu ba ya kaiwa."

Yaya Nuhu, wanda ya yi kuka a asibiti, ya gyaɗa kai a hankali irin na masu tunani. Ya ce ya yanke shawara, za a cire na waifai a sa zigbi. Akwatunan kuma za a yi musu kabad na ƙarfe a kulle, don kada Inna ta sake kaiwa gare su.

Bulus ya ce, "Madalla. Makullin kabad ɗin fa, Oga?"

Ya ce, "Zai zauna a mota."

Farantin waina ya kusa suɓuce mini. Na shiga ciki na gaya wa Yaya. Ta miƙa wa Inna jaririya, ta ja mayafi, ta fito. Kun san maijego ba ta shiga rumfar maza ranar suna. Ta shiga. Ta tsaya gaban mijinta ta shimfiɗa tafin hannu.

"Makullin get."

Ya yi 'yar dariya yana kallon baƙi. "Haba, Maman Amina, ai yanzu muke cewa sabon tsarin..."

"Ka sa wa gidanka abin da ka ga dama. Ka sa wanda ake kunnawa daga Makka. Makullin get, da makunnan bango a buɗe su yau."

Wani dattijo daga danginsa ya ce, "Ba ta, Nuhu." Ya zaro shi daga cikin makullan mota, ya sa mata a hannu. Washegari ta aike ni kasuwar Gudu aka yanko irinsa guda biyu, suka zama uku. Ɗaya ta ɗaure a bakin zaninta, ɗaya ta ba Maman Rifkatu, ɗaya ni na buga masa ƙusa a baranda da dutse, daidai tsayin Inna. Kafin in baro gidan an gyara get, an sa zigbin. In gaskiya ake so, fitilar kicin ta daina jinkiri. Inna kuwa ta zagaya kabad ɗin tana lalube, ta tambaye ni ta ina wutsiyar wannan ta fito. Washegari da hantsi na ji ta a bakin get tana ce wa mai fura, "Shigo mana, yaya mutanen gida?"

Dawowata ba wani labari, mota ɗaya har Yangoji, na yi barci rabin hanya. Amma Hadiza, tunda kin ce irin gidan kike so, ga amsarki. In mai neman ki ya fara lissafa miki waifai da zigbi, ki bar shi ya gama, sannan ki ce ya kai ki bakin ƙofa, ya ajiye wayarsa a ƙasa, ki buɗe da hannunki ki fita. In ta buɗu, sauran duk wasan maza ne, su yi ta yi.

Ni dai ƙofar ɗakina ta langa-langa ce, sakatarta ta yi tsatsa, sai an ɗaga an ja. Jiya Mama ta leƙo ta ce, "Wai Larai lafiyarki? Tun ɗazu kike buɗe ƙofar nan kina rufewa." Na ce mata ba komai, dubawa nake yi.